Kafin a ce an gano sabon fure a kan dutse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, muna roƙon fili domin mu yi magana kan wani irin labari da kafofin watsa labarai kan kawo jefi-jefi: wai masana sun gano wani fure da ba a san shi ba a kan wani tsauni mai ciyawa, a Gini ko Kamaru ko can Indiya. Yawanci layi biyar ne da hoto, mai karatu ya ce "ikon Allah", ya wuce. Mu da aikinmu ya shafi tsirrai a nan Damagaram muna ganin akwai abin da ake bari a baya, wato aikin hannun da ke ƙarƙashin irin wannan labari. Aiki ne da ɗalibi ko ma'aikacin gandun daji zai iya koya cikin damina ɗaya, kuma rashin iya shi ne ke sa tsirran duwatsunmu suna nan ba a gama rubuta su ba.

Idan aka ce tsiro sabo ne, ana nufin ba shi da suna a rijistar ilimin tsirrai ta duniya. Mai yiwuwa makiyayin wurin ya san shi tun yana yaro, ya san ko akuya na cin sa, har yana da sunan da yake kiran sa. Ƙididdigar da lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya fitar a 2016 ta nuna an san nau'in tsirrai kusan 390,000, mafi yawansu masu fure, kuma duk shekara ana ƙara wajen 2,000. Misali na kusa da mu shi ne wani ɗan itace da aka bayyana a 2018 daga Gini. Yana fitowa a tsagar duwatsu masu miƙewa tsaye a tsaunin Gangan kusa da garin Kindiya, furensa fari mai siffar ƙararrawa, kuma gidansu ɗaya da itacen kofi. Da aka auna shi da duk ƴan'uwansa aka ga bai shiga dangin kowa ba, sai aka buɗe masa sabon dangi, aka haɗa sunan garin da na tsaunin aka kira shi Kindia gangan.

Dalilin da ya sa tsaunuka ke yawan ba da irin wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da wajen digiri 6 da rabi, raɓa da hazo su ƙaru. Tsiron da ya saba da wannan sanyi ba ya iya sauka ya ratsa kwarin da ke da zafi ya kai tsauni na gaba, don haka kowane ƙoƙuwar tsauni ta zama kamar tsibiri. Shekaru dubbai suna wucewa zuriyar da ke kan wannan ba ta haɗuwa da ta kan wancan, har kamanninsu su rabu. Haka lamarin yake a tudun Mambila a jihar Taraba ta Najeriya, da Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, da tsaunin Oku na Kamaru da ya haura mita 3,000, da tuddan Futa Jalon a Gini.

Sannan filin ciyawa yana da ɓoyo. Yawancin tsirran da ke cikinsa rabin rayuwarsu a ƙarƙashin ƙasa take, cikin albasa ko kumburarriyar saiwa ko kututture mai kauri, saboda sun saba da gobara da dogon rani. Duk wanda ya san rawaya ya san wannan: bayan wuta ta ci daji sai ka ga fure ruwan ɗorawa a manne da toka, babu ko ganye ɗaya, ganyen sai damina ta sauka. Wanda ya zo a Agusta zai ga ganye babu fure, wanda ya zo a Fabrairu zai ga fure babu ganye, kuma idan ba a yi hankali ba sai a ɗauka tsiro biyu ne. Wasu furannin ma mako biyu ko uku kawai suke yi a buɗe. Masu bincike kuwa sun fi zuwa lokacin da hanya ta bi da mota, wanda sau da yawa ba shi ne lokacin fure ba.

Ba za mu ce muna da irin Mambila a Nijar ba. Ruwan da muke samu bai kai nasu ba, kuma damar samun nau'in da duniya ba ta sani ba ta fi yawa a wurare masu laima. Amma duwatsun Ayar suna nan, inda Bagzan ya kai mita 2,022. Zinder ba ta kai mita 500 ba, ke nan tsakaninmu da ƙoƙuwar Bagzan akwai bambancin kusan digiri 10. A can akwai zaitun daji da masana ke kira Olea laperrinei, saura ne daga zamanin da Sahara take da ruwa, ba kasafai yake tsira daga iri ba, sai dai tsohon kututture ya yi ta tofo. Nan kusa kuma ga dutsen Tarmit da aka mayar gandun kariya a 2012, ga tuddan Kutus da Muniyo wajen Gure, ga tulin duwatsun da suka kewaye Birnin Zinder. A gindin kowane falalen dutse ruwan sama kan taru ya ninka abin da fili ke samu, tsagar dutse kuma na riƙe danshi tana kare tsiro daga bakin dabba. A ganinmu ko ba a samu sabon nau'i ba, samun tsiron da ba a taɓa rubuta cewa akwai shi a Nijar ba, ko tabbatar da cewa wanda aka gani shekaru 60 baya har yanzu yana nan, aiki ne mai daraja ɗaya.

To amma hoto a waya ba ya isa. Ba a raɗa wa tsiro suna da hoto. Abin da ake dogara da shi busasshen samfuri ne da aka matse, aka rubuta bayaninsa, aka ajiye a taskar busassun tsirrai inda kowane masani zai iya zuwa ya duba. A nan ne yawancin ƙoƙari ke lalacewa, don haka za mu tsaya a kai.

Kayan aikin ba su da tsada. Allo biyu na katako masu faɗin santimita 30 da tsawon 45, zai fi kyau a yi su da sara-sara kamar raga don iska ta ratsa. Igiya biyu masu ƙarfi ko ɗamara. Tsofaffin jaridu da yawa, kwali mai ramuka a ciki da aka yanka daidai girman allon, almakashin aske itace, ƙaramin dagi ko wuƙar haƙa, littafi mai bango mai tauri, fensir, gilashin ƙara girma mai ninki 10, da waya mai GPS. Fensir muka ce, domin tawadar biro na narkewa idan ruwa ko alkol ya taɓa ta.

Kada a tsinki tsiron da ba shi da fure ko ƴaƴa. Ganye kaɗai ba ya raba gardama, tunda tsirrai da dama ganyensu iri ɗaya ne, kuma a fure da ƴaƴa ake ganin bambancin da ya tabbata. Idan ƙaramin tsiro ne a haƙo shi duka har saiwa, a karkaɗe ƙasar. Mutane kan fizge shi daga sama su bar albasar ko kututturen a ƙasa, alhali a tsirran filin ciyawa wannan ɓangaren ne ke nuna ko tsiron na shekara ɗaya ne ko mai daɗewa. Idan itace ne a yanko reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 35 wanda ke nuna yadda ganyaye suka jeru, a haɗa da ɗan ɓawo. Idan ciyawa ce a ɗauke ta da saiwarta kafin kan ya bushe ya fara zuba, in ta fi takarda tsawo a karya ta a naɗe sau ɗaya ko biyu, kada a yanke. A ɗauki samfuri uku zuwa biyar na tsiro ɗaya a wuri ɗaya a rana ɗaya, dukansu lamba ɗaya, don a raba wa taskoki daban-daban. Gobara ko gara na iya cinye taska guda.

Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bi: idan ba ka ƙirga tsiron ya kai 20 a wurin ba, kada ka tumɓuke ko ɗaya. Ka ɗauki hotuna daga kowane ɓangare, ka yanki reshe ɗaya mai fure idan hakan ba zai kashe shi ba, ka rubuta wurin, ka dawo wata shekarar. Abin takaici ne a ce mai neman ilimi ne ya ƙarar da abin da ya zo nema.

Rubutu a yi shi nan take, a gaban tsiron, kada a bari sai dare. Kowane tsiro da lambarsa, kuma mutum ba ya maimaita lamba har ƙarshen rayuwarsa: idan bana ya tsaya a 214, baɗi ya tashi daga 215. A rubuta kwanan wata, sunan wurin da ƙauye mafi kusa, lambobin GPS, tsayin wurin daga teku, irin ƙasar (yashi, laka, tsakuwa, tsagar dutse), ko gangaren na kallon gabas ne ko arewa, da tsirran da ke kewaye. Daga nan sai abubuwan da bushewa za ta ɓatar: launin fure, ƙamshi ko wari, ko yana fid da nono idan an karya, launin nonon, tsayin tsiron, lokacin da furen ke buɗewa, da ƙwaron da aka gani a kansa. Fure ja da fure shuɗi duk kan koma ruwan ƙasa bayan wata uku, wanda bai rubuta ba ya rasa shaidarsa. A rubuta lambar a kan jaridar da aka sa tsiron a ciki. Samfurin da ya rabu da lambarsa ya zama ciyawar banza komai kyansa, kuma mun fi ganin asara ta wannan hanya fiye da ta kowace.

Mutane da yawa kan tara tsirrai cikin leda su ce sai sun koma gida. A zafinmu awa biyu ko uku sun isa leda ta dafa su. Dangin bagaruwa da ɗakwara ma ba sa jira, ƴan ganyayensu na rufewa cikin mintoci. Gara a ɗauki allon matsi a tafi da shi. A shimfiɗa tsiron cikin jarida mai ninki biyu, a baje ganyayen kada su hau juna, a juya aƙalla ganye ɗaya ya nuna bayansa, domin gashin bayan ganye da jijiyoyinsa na daga cikin abubuwan da ake dubawa. A buɗe fure ɗaya da reza a shimfiɗa shi don a ga cikinsa. Mai ƙaya a fara danne shi da allo a taka, ƙayar ta kwanta, in ba haka ba za ta huda sauran. Sai a jera: kwali, jarida marar komai, jarida mai tsiro, jarida marar komai, kwali, haka har tulin ya kai kamu biyu. Ramukan kwalin duka su kalli gefe ɗaya. A ɗaure tamau, mutum ya durƙusa a kai yana jan igiya. Matsi marar ƙarfi shi ke sa ganye ya yamutse.

Bushewa ita ce inda damina ke kayar da mutane. A Agusta iska na da laima, idan aka bar jarida jiƙaƙƙa kwana biyu hunhuna za ta kama, tsiron ya yi baƙi, furen ya ruɓe. A riƙa canja jaridun waje kullum a kwana uku ko huɗu na farko, daga baya duk bayan kwana biyu, ana shanya waɗanda aka cire don a sake amfani da su. Jaridar da tsiron ke ciki kuwa ba a canja ta, domin fure mai laushi na manne mata, ɗaga shi yaga shi ne. Duk lokacin da aka canja a ƙara ɗaure igiya, tunda tulin na raguwa. Ana iya ajiye allon a rana a tsaye yadda iska za ta bi ta ramukan kwalin, ko a ɗaure shi a saman mota yayin tafiya. Idan hadari ya ƙi wucewa a ɗora shi a kan wani abu nesa da garwashin da ya lafa, zafin da ke ratsawa ya tsaya tsakanin digiri 35 da 45, kuma kada a bar shi babu mai tsaro, don jarida da kwali abincin wuta ne. Zafin da ya wuce haka na gasa tsiron ya riƙa karyewa kamar ƙosasshen ganyen taba. Shanya tsiro a rana ba tare da matsi ba kuskure ne, zai nannaɗe ba zai sake miƙewa ba. Yawancin ciyayi kan bushe cikin kwana huɗu zuwa bakwai. Alamar ita ce in ka ɗaga shi ya tsaya a miƙe, in ka kai shi kumatu ba ka ji sanyi ba.

Masu ruwa a jiki sai an yi musu dabara, kuma su ne suka fi yawa a duwatsu. Karan masallaci da kabar giwa da albasar kwaɗi ba sa mutuwa cikin allon matsi. Suna iya yin wata guda suna raye, har su tofo, suna zubar da fure. Sai an fara kashe su: a cire furen a matse shi daban, a tsoma jikin a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci ko a jiƙa shi da alkol, a tsaga shi gida biyu a tsaye, a kwashe tsokar ciki, sannan a matse ana canja jarida safe da yamma. Albasa ma a raba ta biyu. Furen da siffarsa ke lalacewa da matsi a jefa biyu ko uku cikin ƙaramar kwalba mai alkol na kashi 70 cikin 100, a sa takarda mai lambar da aka rubuta da fensir a cikin kwalbar.

Yau da yawa cikin masu bayyana sabon nau'i suna son gwajin ƙwayoyin gado, kuma wannan na buƙatar ganyen da ya bushe da sauri. Ana amfani da silika, irin ƴan ƙwayoyin nan da ake samu a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi ko na magani. A tsinki sabon ganye lafiyayye wanda bai fi faɗin ɗan yatsa biyu ba, a yayyaga shi, a sa a ƴar ambulan ta takarda, a rufe cikin leda mai zik da silikar da ta ninka nauyin ganyen sau 10. Ya kamata ya bushe cikin kwana ɗaya. Ganyen da ya sha alkol ko tafasasshen ruwa ko zafin garwashi ba ya yin wannan aiki da kyau, don haka a ware na silika tun kafin a taɓa sauran.

Bayan bushewa abokin gaba shi ne ƙwaro. Akwai ɗan ƙaramin buzuzu ruwan ƙasa mai cin busasshiyar taba da kayan yaji, tsutsarsa na fara cin fure, wato ainihin abin da ake bukata, ta bar gari. Maganinsa sanyi. A ƙulle samfuran cikin leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako guda. Idan wuta ta ɗauke har ƙanƙarar ta narke a sake ƙirga daga farko. Bayan an fitar kada a buɗe ledar sai ta koma zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan tsiron. Daga nan a ɗora shi a farar takarda mai kauri, santimita 29 da 42, a ɗinke da zare ko a kama da siraran takarda mai gam. Salatif ba ya yi, yana narkewa da zafi ya bar tabo ya saki. Iri da furen da suka zube a tattara a ƴar ambulan a manna a gefe, takardar bayani kuma a ƙasa ta hannun dama.

Sai a zo ga tambayar ko sabo ne. A nan muna roƙon matasanmu su yi haƙuri, domin cikin tsirrai 100 da mutum zai ɗauka baƙi ne, kusan dukansu sanannu ne da wuri ya sauya wa kama. Aduwar da awaki suka yi shekaru suna gwaigwaya kan zama dunƙulallen kurmi mai ƙananan ganye, ba ta kama da ta gona. Tsiron da ke tsagar dutse kan zama wada, na inuwa ya yi faɗin ganye. Ga kuma baƙin da suka shigo daga wasu nahiyoyi, waɗanda ba za a same su a tsofaffin littattafanmu ba, amma sanannu ne a ƙasarsu. Hanyar ita ce a fara da littafin tsirran Afirka ta Yamma na Hutchinson da Dalziel, wanda aka sabunta tsakanin 1954 da 1972, a auna kowane ɓangare da milimita, sannan a gwada da samfuran da aka raɗa wa ƴan'uwansa suna da su. Da yawansu suna Faris da Kew, an ɗauki hotunansu an sa a intanet, ana iya dubawa daga Zinder. Bambanci ɗaya ba ya isa. Ana son alamomi biyu ko uku da ke tafiya tare a kowane samfuri, ba tare da an samu na tsaka-tsaki ba. In an kai nan a aika kwafi ɗaya ga masanin wannan gidan tsirrai.

Sunan Hausa taimako ne babba amma ba hujja ba ne. Kalgo suna ɗaya ne, alhali nau'i biyu ne a wurin masana, na sahel da na kudu mai manyan ganye masu gashi a baya. Anza kuma wani wuri dilo ake cewa. Duk da haka a rubuta kowane suna da aka ji, na Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Tubanci, da amfanin da aka faɗa, da izinin wanda ya faɗa. Dalziel ɗin nan likita ne da ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma har yau hano da karan masallaci na ɗauke da sunansa a Latin. Mutanen da suka nuna masa tsirran ba a san sunansu ba. Yanzu babu abin da ya hana a sa sunan mai nunin a takardar bayani, ko a raɗa wa tsiron sunan dutsen ko na ƙauyen.

Raɗa sunan na da dokoki na duniya. Suna kalma biyu ne cikin sigar Latin, tsarin da ya samo asali daga masanin tsirrai Linnaeus a 1753. Dole a ware samfuri ɗaya a ce shi ne uwar sunan, a faɗi taskar da yake ajiye, a wallafa a inda ake iya samu. Akwai wurin da mu masu karatun Faransanci kan yi tuntuɓe: bayanin da ke bambanta sabon nau'in dole ya kasance da Latin ko Ingilishi. Kafin 2012 ma Latin kaɗai ake karɓa. Sauran maƙalar na iya zama da Faransanci, amma idan wannan sakin layin da Faransanci kawai yake, sunan bai zauna ba. Sanarwa a rediyo ko Facebook ko kundin digiri da ke ajiye ba a wallafa ba ba ta wadatar.

Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna kashi 16 cikin 100 ne kawai na sababbin nau'o'in furanni ake bayyanawa cikin shekaru biyar da tsinko su, sauran sun daɗe a taskoki kafin wani ya gane su. Ke nan wanda ya tsinka da kyau ya rubuta da kyau ya yi rabin aikin ko da bai san abin da ya riƙe ba.

Suna kuma shi ke buɗe ƙofar kariya, tunda doka ba ta kare abin da ba shi da suna. A ma'aunin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, nau'in da manyansa masu haihuwa ba su kai 50 ba yana matakin haɗari mafi tsanani, ƙasa da 250 yana mataki na biyu. Ana kuma auna faɗin wurin da yake zaune da murabba'ai masu kilomita 2 kowane gefe. Shi ya sa ƙirga tsirrai a wurin yake da muhimmanci kamar tsinko su. Rahoton Kew na 2023 ya yi hasashen cewa uku cikin huɗu na tsirran da ba a riga an raɗa wa suna ba suna cikin barazanar ɓacewa.

Barazanar da ta fi damun mu ita ce kallon filin ciyawa a matsayin daji da ya lalace, wanda sai an cika shi da itatuwa. Mu ƴan Damagaram mun san darajar itace, gawon da manoman Magarya da Matamai da Mirya suka raya a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka tofo da kansu su girma, abin alfahari ne. Amma gona daban, tsohon filin ciyawa na tsauni daban. Idan aka dasa bishiyar turare a kansa, inuwa da ganyen da ke zuba na kashe tsirran da suka saba da rana tsirara, kuma albasar da ta yi shekaru a ƙasa idan garma ko haƙar rami ta fid da ita ba ta dawowa. Haka nan wuta: ta farkon rani mai sanyi ce, tsirran sun saba da ita, ta ƙarshen rani kuwa na ƙona har ƙasa. Kiwo daidai gwargwado ba ya cutarwa, amma inda garke ya yi zaman dirshan a kan rijiya ɗaya, gamba kan ɓace garmani ya maye gurbinta. Ga fasa dutse don gini da haƙar zinariya, waɗanda ke iya share tsagar da wani nau'i yake da ita kaɗai a duniya cikin mako guda. Muna kuma jan hankalin ƴan jarida: in an samu tsiro mai ƙaranci kada a buga ainihin wurinsa, kada kuma a ce yana maganin kaza alhali ba a gwada ba, domin washegari masu haƙar saiwa za su isa.

Duk wanda zai shiga gandun kariya irin Tarmit ko na Ayar da Tenere sai da takardar izini daga ma'aikatar muhalli, da sanin hukumomin yankin da sarakunan gargajiya, da ɗan jagora na wurin. Fitar da samfuri waje kuma na ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta tanadi neman izinin ƙasa da raba amfanin da aka samu. Shawararmu ita ce duk takardar izinin da za a ba mai bincike, ɗan ƙasa ko baƙo, ta ƙunshi sharaɗin barin kwafin kowane samfuri a Nijar.

Sharaɗin ba zai yi amfani ba sai da wurin ajiya, kuma wannan ne roƙonmu ga Jami'ar André Salifou ta Zinder da hukumomin jaha. Taskar busassun tsirrai ta farawa ba ta wuce ɗaki ɗaya busasshe mai daɓen siminti da aka yi wa maganin gara, tagogi masu raga, kabad na ƙarfe huɗu ko biyar masu rufuwa ruf da aka ɗaga daga ƙasa, firiza ɗaya mai aiki da hasken rana, madubin ƙara girma na tebur, kwamfuta, da ma'aikaci ɗaya na dindindin wanda zai riƙa duba kabad duk wata uku yana neman garin ƙwaro. Idan kowane ɗalibin ilimin tsirrai ko na aikin gona ya kawo samfuri 30 masu cikakken bayani daga ƙauyensu kafin ya kammala, ɗalibai 50 sun kawo 1,500 a shekara. A fara da duwatsun da ke bayan gari da na Gure a Satumba mai zuwa, lokacin da ciyawa ta fid da kai ba ta riga ta zuba ba, a sake komawa wuraren a Fabrairu don masu fure da rani.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Wasu malaman ilimin tsirrai da ma'aikatan gandun daji,
Zinder